Ranar da Baba Ya Bi Gaiwa Cikin Teku

Shekarun baya, lokacin da nake yawan zuwa birnin Gwanzu na ƙasar Caina sarin kaya, akwai wani lokacin sanyi da muka maƙale a garin ba aikin fari balle na baƙi. Sabuwar shekarar 'yan Caina ta matso, masu ɗinkin wandunan jins a Xintang sun fara rufe shaguna suna komawa ƙauyukansu, kayanmu kuma ba su gama fitowa ba. Duk wanda ka kira a waya amsarsa ɗaya ce, "meyo", wato babu. Yadi meyo, ma'aikata meyo, motar ɗaukar kaya meyo. Sai muka koma zaman ɗaki a unguwar Xiaobei, mu ci abinci, mu yi sallah, mu leƙa kasuwar Tianxiu mu gaisa da 'yan uwa, mu dawo mu kwanta.

Na ce "mu" domin ba ni kaɗai ba ne. Ɗaki ɗaya muke da wani dattijo mutumin Maraɗi, aminin mahaifina tun suna samari. Baba nake ce masa, kuma shi ya fara riƙo hannuna ya shigo da ni Caina. Dogo ne mai jiki, mai son girma, ko ƙofar masauki ba ya leƙawa sai da doguwar riga da hula. Sanyin ma da ya matsa masa, jibgegiyar rigar sanyi ya ɗora a kai, ya sayi wasu dogayen takalma har gwiwa yana cusa ƙafar wandonsa a ciki. Bakinsa ba ya hutawa da tsokanata. Ina da mata da 'ya'ya a lokacin, amma a wurinsa ban taɓa wuce "yaro" ba.

Ni kuma tun tasowata mayen tattabaru ne. A gidanmu na Kano har yau akwai akurkinsu a kan soro, kuma in na yi tafiya nakan tambayi lafiyarsu kafin in tambayi ta wasu mutanen. To wani ɗan Kumasi mai shago a Tianxiu ya nuna mini hotuna a wayarsa, ya ce a can Nansha, inda kogin garin ya shiga teku, akwai wata hanya a bakin ruwa da tsuntsaye ke sauka in sanyi ya koro su daga arewa. Tun da na ga hotunan nan hankalina ya ƙi kwanciya. Dama likita ya ce Baba ya riƙa tattaki saboda ƙafafunsa, sai na fake da wannan na ce ya zo mu je.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, mu baro gida, mu ƙetare duniya, mu ɓuge da kallon tsuntsaye? Mi za ni ce ma tsohonka in ya tambaye ni abin da munka yi?"

Na ce, "Ka ce masa likita ne ya aike mu."

Ya yi ta mita, amma da safe ya riga ni shiryawa. Zaman ɗakin ya ishe shi shi ma.

Mun hau jirgin ƙarƙashin ƙasa har muka gaji da zama, muka sauka muka hau bas, bas ɗin ya ajiye mu a wani wuri da gine-gine suka ƙare. Hanyar wata doguwar katanga ce ta siminti mai faɗi, ana tafiya a samanta. Ta hannun hagu gonakin ayaba ne da tafkunan kiwon kifi. Ta hannun dama, inda aka ce teku yake, babu komai sai laka mai ruwan toka, shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Can nesa sosai akwai wani siririn layi mai ƙyalli. Sama a lumshe take, iska kuma mai danshi ce, irin wadda ke ratsa riga ta zauna a ƙashi.

Baba ya tsaya ya riƙe ƙugu. "To ina tekun?"

Na ce ni ma shi nake nema.

Ya yi dariya ya ce, "Ka kawo mu da rani. Ruwa ya janye. Haka gulbinmu ke yi, in sanyi ya shigo sai ya tahi abinsa, sai kuma wata damina. Da ka tambayi manya da ba ka wahalshe mu ba."

Ni kuwa na yarda da maganar nan ɗari bisa ɗari. Na yi makaranta, na san an taɓa gaya mana wani abu game da cikar teku da janyewarsa, amma abin a kan allo ya tsaya, bai biyo ni gida ba. Abin da idona ya sani shi ne kududdufin unguwarmu da kogunan da muke ƙetarawa a mota. In ruwansu ya tafi da sanyi, ya tafi ke nan, yara ma ƙwallo suke bugawa a ciki. Mun wuce wani allo mai rubutun Caina da zanen mutum a cikin ruwa, Baba ya ce ai hana wanka ake yi, muka yi ta dariyar inda za a samu ruwan wankan.

Tsuntsaye kam akwai su, ban yi asarar kuɗin mota ba. Belbelu farare tas sun cika wasu gajerun itatuwa da suka tsiro a cikin lakar, saiwoyinsu duk a waje. Ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya ya ƙanƙame wuya, shi ma sanyin ya dame shi. Shirwa tana shawagi a samanmu, irin tamu sak, har Baba ya ce wannan ko biza ba ta nema ba. A gindin katangar kuwa ƙananan ƙaguwa ne ba iyaka, kowacce da ƙaton hannu ɗaya tana ɗagawa. In inuwarka ta faɗa kansu sai su ɓace cikin ramuka gaba ɗaya.

A nan Baba ya hango abin da ya tafi da hankalinsa. Wasu ƙananan kifaye ne masu idanu a tsakar ka, suna jan ciki a kan laka, suna tsalle, ba ruwansu da ruwa. Ya durƙusa a bakin katangar yana leƙe.

"Yaro, zo ka gani. Wallahi dangin gaiwa ne."

Na ce gaiwa ai ta fi wannan girma.

"Ɗiyanta ne. Inda ka ga ɗiya, uwar na ƙasa. Kai ɗan birni ne, ba ka san komi ba. Mu da munka tashi bakin gulbi, in ruwa ya janye haka, hauya muke ɗauka mu shiga. Ka ga ɗan huji bisa laka, ka haƙa, ka iske ta ta naɗe cikin kubenta tana jiran damina. Ni da tsohonka mun ci gaiwa har ta gundure mu."

Na daɗe ban ga fuskarsa ta saki irin haka ba. Na bar shi a nan yana magana da kifaye, na ƙarasa gaba inda na hango wasu 'yan Caina sun jeru da kyamarori masu dogayen hanci, kowacce a kan ƙafafu uku. Akwai maza, akwai mata biyu, yawancinsu manya ne. Ba mai magana a cikinsu. Wani tsoho mai furfura ya ga ina ta miƙa wuya, sai ya yafito ni ya matsa mini daga madubin hangen nesansa. Na sa ido. Can a bakin layin nan mai ƙyalli na ga wasu fararen tsuntsaye masu baƙar fuska, bakinsu dogo mai faɗi a ƙarshe kamar cokalin katako, suna kaɗa shi hagu da dama a cikin ruwa. Na manta da sanyi, na manta da kaya, na manta da Baba. Ban san iya lokacin da na ɗauka a wurin ba.

Da na dawo inda na bar Baba, ba ya nan. Rigar sanyinsa ce kawai a ninke a kan katanga. Akwai wata matakala da ta sauka ƙasa, daga gindinta kuma wani tudun duwatsu da ɓawon katantanwar teku ya miƙe cikin lakar. Baba ya bi tudun nan har ƙarshensa, ya sauka, ya ƙara gaba. Na hango shi tsaye da sanda a hannu, amma ya yi mini gajarta.

Na sauka na bi tudun ina kiransa. Da na matso na ga dalilin gajartar. Lakar ta shanye shi har gwiwa.

Ya waiwayo yana murmushin kunya ya ce, "Kar ka yi dariya. Lakar ƙasar ga ba ta da mutunci."

Dariyar na yi, har da riƙe ciki. Na ce bari in ɗauke shi hoto in aika wa mahaifina. Ya yunƙura zai zaro ƙafar dama, sai ta hagu ta ƙara nutsewa. Ya sake yunƙurawa, lakar ta haura gwiwa. Na taka zan je wurinsa, taku kaɗan na ji ƙasa ta kama ƙwaurina tana ja, da kyar na fizge na koma kan duwatsu da takalmi ɗaya. Duk da haka ban tsorata ba. Na ɗauka abin wahala ne da ɓata kaya, mu nemo igiya a hankali, mu ja shi, mu sha dariya a hanya.

Tsuntsayen ne suka fara gaya mini. Mai kiwon tattabaru ba ya rasa lura da inda tsuntsu ya koma. Waɗannan masu bakin cokali da sai da madubi na iya ganinsu ɗazu, yanzu ga su ina ganinsu da idona. Ba tashi suka yi ba, tafiya suke da ƙafa suna nufo mu, su da wasu ƙanana masu gudu-gudu, duk a jere. Na tambayi kaina me ke koro su. Sai na duba bayansu. Layin nan mai ƙyalli ya daina zama layi, ya zama fili, kuma gefensa yana motsi. A take na gane abin da masu kyamarorin nan suke jira tun ɗazu ba su ce uffan ba. Jira suke ruwa ya turo musu tsuntsayen kusa.

Na ɗaga kai na dubi katangar da muka sauko daga kanta, na ga wani baƙin zane na gansakuka ya bi jikinta tun daga farko har ƙarshe. Zanen ya fi tsayina.

Baba ya ga fuskata ta canja. Ya juya ya dubi inda nake kallo, ya daɗe yana kallo.

"Yaro, ruwan mi ne wancan?"

"Tekun ne, Baba. Dawowa yake."

"Da rani?"

Na juya na ruga.

Sai da na isa wurin masu kyamarori ina haki na tuna ba ni da bakin da zan yi musu magana. Shekaru ina zuwa ƙasar, amma yaren da na iya na kasuwa ne. Na iya "nawa ne", na iya "ya yi tsada", na iya "lawban" da muke kiran mai shago. Ban san yadda ake cewa a taimaka ba, ban san laka ba, ban san mutuwa ba. Na tsaya a gabansu ina cewa lawban, lawban, ina haɗawa da kalmar aboki da kalmar ruwa, ina nuna bayana. Wani ya ɗora yatsa a leɓe yana hararata, don tsuntsayen sun kusa isowa inda suke so. Ɗaya daga cikin matan ta buɗe jakarta ta miƙo mini gorar ruwan sha.

Ban san sanda na cafki madubin tsohon nan mai furfura ba. Na juya shi da ƙarfi ya fuskanci inda Baba yake, na kamo hannun rigar tsohon na jawo shi. Ya fizge yana faɗa, amma ya sa ido. Na ga bakinsa ya buɗe. Ya ɗago ya kwarara wata tsawa da duk tsuntsayen nan suka tashi a lokaci ɗaya, sama ta yi fari. Mutanen da suka yini suna jiran wannan hoton, ba wanda ya ko kalli kyamararsa.

Daga nan komai da gudu aka yi shi. Matar da ta ba ni ruwa ta kira masu ceto a waya, sannan ta yi magana a cikin wayar ta juyo mini da ita na karanta da Turanci. Suna zuwa, amma wurin da nisa, ruwan zai riga su. Mazan suka gangara ɓangaren tafkunan kifi, suka dawo da katakai da wata tsohuwar ƙofa da igiya daga wata bukka. Matar ta sake juyo mini da wayar. An rubuta kada ya ƙara motsi a tsaye, a sa ƙofar a bayansa ya kwanta rigingine a kai, ya bar takalman a ciki. Duk suka zuba mini ido. Ni kaɗai Baba zai ji maganata, don haka ni zan je.

Muka jera katakan daga ƙarshen tudu, na kwanta rub da ciki ina jan jiki, ina tura ƙofar a gabana, igiya a wuyana. Lakar tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, sanyinta kuma ya kashe mini yatsu. Kafin in isa, ruwan ya riga ni. Abin da har yau yake tayar mini da tsigar jiki shi ne yadda ya zo. Ba ƙara, ba tumbatsa. Siriri ne, shiru, kamar an bar famfo a buɗe a tsakar gida. Ya zagaye Baba, ya wuce shi, ya taɓa haɓata, ya ci gaba abinsa zuwa katanga.

Na same shi lakar ta kai cinya, hularsa har yanzu a kansa, leɓunansa sun yi fari. Yana ta motsa baki. Na gaya masa abin da aka ce, na tura ƙofar bayansa. Bai ko dube ta ba.

Ya ce, "Ina gabas?"

A Caina alƙibla yamma take, amma bakinmu ya saba, gabas muke cewa. Na nuna masa ta bayan kafaɗarsa ta dama. Ya gwada juyawa, ƙafafun suka ƙi. Ya sake gwadawa. Sai na ga hawaye a fuskar mutumin da ban taɓa ganin ko idonsa ya yi ja ba.

"Ko juyawa ba ni iyawa," ya ce. Ya kamo wuyan hannuna. "Ka saurara. Ba mutuwa nike tsoro ba, na girme ma wannan. Amma in ruwan ga ya tahi da ni, ba wanka, ba likkahani, ba sallah. Iyalina su zauna makoki, ba kabarin da za su nuna ma jikoki. Ka ɗaura mani igiyar ga a ƙugu, ka ɗaure da kyau, ka koma bisa. In ban hita ba, kar ka bari su sake ta. A samu abin da za a kai gida."

Na ɗaura igiyar, amma a ƙarƙashin hammatarsa. Na sake ƙullin don ya riƙe da kyau. Ruwan ya rufe katakon da nake kai, ya shiga rigata.

Na ce, "Baba, kwanta a kan ƙofar nan. Ka kwance tazuge. Takalman sun riƙe wandon, in ba ka bar su ba ba za ka fito ba."

Ya dubi katanga. "Akwai mata can bisa."

"Rigarka doguwa ce."

"Yaro, da girmana, da furfurata, a ja ni ba wando gaban baƙi?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da nake, ko kallon tsakiyar idonsa ban cika yi ba. Ranar na yi. Na ce, "To wallahi ni ma ba inda za ni. Ga ni nan kwance. In ka ƙi, igiya biyu za su ɗaura. Sai ka shirya abin da za ka gaya wa mahaifina in kun haɗu gobe kiyama."

Ya kalle ni kamar bai san ni ba. Ruwan ya kai masa ƙugu. Ya ce, "Ɗan banza," a hankali, sannan ya sa hannu ƙarƙashin riga ya kwance. Ya yi bismillah ya saki jikinsa baya.

Kwanciyar nan ita ce mafi munin abin da na gani a ranar. Ƙofar ta nutse da nauyinsa, ruwa ya haura ƙirjinsa ya zo wuya, fuskarsa kawai ta rage a sama. Hular ta tafi. Na cusa hannuwana cikin lakar ina yaƙushi a gefen gwiwarsa, ina buɗa wa ruwa hanya ya shiga, mutanen kan tudu kuma suna ja suna ƙirga wani abu da yarensu. Ba abin da ya motsa. Baba ya shaƙi ruwa ya yi tari, ya sake shaƙa. Na ji yana kalmar shahada a gutsuttsure, ni ma na kama, ban san ko tawa nake yi ko tasa ba. Can ƙafar dama ta zame daga cikin takalmin, na ji ta taho a hannuna. Ta hagu ta ƙi. Na ja numfashi na nutsa kaina gaba ɗaya cikin ruwan nan mai duhu, na rungumi cinyar da hannu biyu, na ja da duk abin da Allah ya ba ni. Da na ɗago ban ga Baba a inda yake ba. Ƙofar ta taso, suna jan shi a kanta zuwa tudu.

Ban tuna yadda na koma ba. Na dai tuna da muka hau matakala, matan nan biyu sun juya mana baya suna kallon gonakin ayaba, ba wanda ya ce su yi. Tsohon mai furfura ya tuɓe wandon roba da ya ɗora a kan nasa ya ba Baba, ya tsaya masa a ƙwauri. Aka lulluɓe shi da riguna, aka ɗura masa ruwan zafi. Masu ceto suka iso suka duba shi, babbansu ya yi mana faɗa mai tsawo da ba mu ji ko kalma ɗaya ba, muna ta gyaɗa kai muna cewa "shiye-shiye", wato mun gode. A nan ne matar ta sake juyo mini da wayarta, na karanta wa Baba cewa haka ruwan yake yi kullum, ya tafi ya dawo, dare da rana.

Ya ce, "Kullum?"

Na ce kullum.

Kafin a sa mu a mota ya ce a kai shi bakin katanga. Na riƙe shi muka je. Babu laka, babu tudun duwatsu, babu katakai. Teku ne cike yana dukan siminti a ƙarƙashin ƙafafunmu, gajerun itatuwan nan kawunansu kawai ake gani. Daidai inda ya tsaya ɗazu, wasu agwagin ruwa ne ke iyo hankali kwance. Ya daɗe yana kallo, jikinsa na karkarwa a hannuna. Bai taɓa ba kowa labarin nan a gabana ba.

Na sha tunanin ranar nan. Ba wauta ce ta kai Baba cikin lakar ba, sani ne. Ya san ruwa, ya san laka, ya san rani, duk abin da ya faɗa gaskiya ne a Maraɗi. Tun daga lokacin, in na je baƙon wuri, abin da ban sani ba bai cika ba ni tsoro ba, don shi zan tambaya. Wanda nake tsoro shi ne abin da ya yi kama da na gida. Kallon tsuntsaye dai ban daina ba, amma daga kan tudu. Kuma har yau in ana wanki a gidana, ruwa ya silalo shiru ta ƙarƙashin ƙofa ya nufo tabarmata, sai na ji gabana ya faɗi, yara su yi ta mini dariya.

Baba ya yi shekaru bayan haka. Ya bar zuwa Caina da ƙafafun suka matsa masa, ya zauna gida yana aikena. Ya rasu a ɗakinsa, a tsakiyar iyalinsa, ana tsananin zafin bazara. Na kama hanya daga Kano tun da asuba, Allah ya sa na samu wankansa da sallarsa. Da aka zo sa shi a kabari, 'ya'yansa suka ce in matso, ni na gyara masa kwanciya na juyar da fuskarsa gabas. Bayan an rufe an yi addu'a, na ji ɗaya daga cikin masu haƙa yana ƙorafi a gefe, yana nuna wa ɗan uwansa tafin hannunsa da ya ɗuri ruwa. Ya ce bai taɓa haƙa ƙasa mai taurin wannan ba, ko ɗigon danshi babu, sai da diga ta kusa karyewa. Na je na kama hannun nan nasa da hannu biyu, na ce ya sake faɗa mini. Ya maimaita yana kallona, ya ɗauka rasuwar ce ta taɓa ni. Ni kuwa a duk maƙabartar nan ba wanda ya kai ni jin daɗin taurin ƙasar.